Masu Keken Doki na Kudancin Maryland

Mutumin da Allah ya ƙaddara wa zama a Landover, cikin lardin Prince George's na jihar Maryland, inda jirgin ƙasa ke kwasar ma'aikata tun da asuba ya kai su Washington, inda kuma babban filin wasan nan da a da ake kira FedExField ke cika da 'yan kallo har hanyoyi su toshe, da wuya ya gaskata, in ba ya gani da idonsa ba, cewa a tafiyar da ba ta fi sa'a guda da 'yan mintoci ba a mota akwai waɗansu Turawa, Nasara, ma'abota gonaki da wadata, waɗanda har yau da doki da alfadari suke huɗa, a keken doki suke zuwa kasuwa, ba su kuma yarda an ja wayar lantarki zuwa cikin gidajensu ba. Su ne Amishawa. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna wannan yanki sun riga sun gan su ko da ba su san labarinsu ba, domin a Upper Marlboro, babban garin lardinmu, akwai wata rufaffiyar kasuwa da suke ci ran Alhamis da Jumma'a da Asabar, akwai kuma irinta a Laurel. A can za ka ga mazansu da gemu ba gashin baki, matansu da dogayen riguna marasa ado da 'yar farar hula a ka, suna sayar da kaji da cuku da man shanu da burodi. Galibin waɗannan 'yan kasuwa daga Pennsylvania ake ɗauko su a mota. Amma maƙwabtanmu na kusa, waɗanda nake nufin ba da labarinsu, su ne na lardin St. Mary's, a kewayen Mechanicsville da Charlotte Hall.

Abin da baƙo yakan ɗauka in ya fara ganinsu shi ne, waɗannan mutane ne da zamani ya wuce ya manta da su, tun kaka da kakanni suna nan inda suke, ba su san an ci gaba ba. Wannan zato kuwa kuskure ne ta fuska biyu. Ta farko, zamansu a St. Mary's bai daɗe ba ko kaɗan: a 1940 suka sauka, wato jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ma ta girme wa ƙauyukansu da shekara guda. Ta biyu, babu wani abu da suka bari bisa rashin sani. Kowane abu da ba ka gani a gidajensu ba, sai da aka zauna aka yi shawara a kansa, aka auna amfaninsa da mafasadarsa, sa'an nan aka yanke hukunci. Tarihinsu tun daga farko har yau tarihin hijira ne, da na jayayya da hukuma a kan wanda ya fi cancanta ya riƙe tarbiyyar yaro.

Asalin al'amarin yana komawa ga ƙasar Suwizalan a farkon ƙarni na 16, zamanin da Martin Luther a Jamus da Ulrich Zwingli a birnin Zurich suka fita daga ɗa'ar Fafaroma, suka ce a koma ga nassin Littafi a bar abin da malaman coci suka ƙara. Cikin masu bin Zwingli akwai samari biyu masu zafin himma, Conrad Grebel da Felix Manz, da wani tsohon limamin Katolika mai suna George Blaurock da ya haɗu da su, waɗanda suka ga malaminsu ya tsaya a tsakiyar hanya, yana jiran izinin majalisar gari kafin ya zartar da abin da shi da kansa ya karantar. Mas'alar da ta raba su ita ce baftisma, wankan shiga addini da Nasara ke yi wa jarirai. Samarin suka ce imani ba ya inganta sai da hankali da zaɓi, jariri kuwa ba mukallafi ba ne, saboda haka wankan da aka yi masa bai ƙullu ba. Daren 21 ga Janairu 1525 suka taru a wani gida cikin Zurich suka sake yi wa juna baftisma. A wancan zamani kuwa coci da hukuma abu ɗaya ne, wanda ya ƙi kai jaririnsa coci tamkar ya cire shi ne daga lissafin talakawan sarki. Ga shi kuma sun ƙara da cewa ba za su yi rantsuwa a gaban alƙali ba, ba za su ɗauki takobi ba ko don kare gari. Ran 5 ga Janairu 1527 mahukuntan Zurich suka ɗaure Manz suka nutsar da shi a kogin Limmat. Katolika da Furotesta mabiya Luther da Zwingli, waɗanda a wannan ƙarni ba su taɓa yin ittifaƙi a kan komai ba, sun yi shi a kan farautar waɗannan mutane.

An ƙone waɗansu, an fille kan waɗansu, an sayar da waɗansu su yi tuƙin jiragen ruwa, saura suka fantsama cikin duwatsu da ƙauyukan da sarakunansu ke bukatar manoma fiye da yadda suke bukatar sahihancin aƙida. Wani limamin Katolika na ƙasar Holan, Menno Simons, ya bar muƙaminsa a 1536 ya shiga cikinsu, ya tattara su a kan tafarkin ƙin zubar da jini, har aka riƙa kiransu da sunansa, Menonawa. A 1660 wani malaminsu, Thieleman van Braght, ya wallafa babban kundin shahidansu da ake kira Martyrs Mirror, mai shafi fiye da 1,000, wanda har yau ake samunsa a gidajen Amishawa kusa da Littafi Mai Tsarki. Ƙissar da ta fi shahara a ciki ita ce ta Dirk Willems, wanda a 1569 ya tsere daga kurkuku ya bi ta kan wani tafki da ya daskare, mai bin sa ya burma cikin ruwan ƙanƙara yana kururuwa, Dirk ya juyo ya ciro shi, aka kama shi nan take, daga baya aka ƙone shi. Yaron da ya tashi da irin wannan ƙissa a kunnensa, ba abin mamaki ba ne in ya girma yana ganin duniya da masu mulkinta abin yi wa ladabi ne daga nesa. Ba abin mamaki ba ne kuma abin da ya faru a Nickel Mines ta Pennsylvania ran 2 ga Oktoba 2006, sa'ad da wani maƙwabcinsu wanda ba Ba'amishe ba ya shiga makarantarsu ya harbe 'yan mata, 5 suka mutu, ya kuma kashe kansa: iyaye da dattawan jama'ar suka je wa matarsa ta'aziyya, suka halarci jana'izarsa.

Sunan Amish kuwa bai fito ba sai a 1693, bayan da wutar tsanani ta ɗan lafa, jama'a suka fara sakewa da maƙwabtansu. Wani dattijo mai suna Jakob Ammann, tela, mutumin Suwizalan da ya ƙaura zuwa Alsace, ya ga an yi sakaci, ya tashi yana yawo cikin jama'o'i yana tambayar shugabanni matsayinsu a kan mas'aloli kaɗan: a riƙa yin jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi na ibada, sau biyu a shekara maimakon sau ɗaya, a riƙa wanke wa juna ƙafa a wurin ibada, sa'an nan, wadda ta fi kowace nauyi, wanda aka fitar daga jama'a saboda saɓo a ƙaurace masa har a wurin cin abinci, har ya tuba. Wani dattijo mai suna Hans Reist ya ce wannan tsanani ya wuce haddi. Ammann ya kore shi daga jama'a tare da waɗansu, kuma ko da yake daga bisani ya yi nadamar gaggawarsa ya nemi sulhu, ɓarakar ba ta ɗinku ba. Mabiyansa suka zama Amishawa.

A wannan tsakani William Penn, wanda Sarkin Ingila ya ba shi ƙasar Pennsylvania a 1681, ya yi shela a Turai cewa duk wanda aka tsananta wa saboda addini ya zo. Menonawa suka riga isa. Gidan dutse na iyalin Hans Herr, wanda aka gina a 1719, yana nan tsaye a lardin Lancaster, shi ne gini mafi tsufa a lardin. Ayarin Amishawa na farko mai yawa ya sauka Philadelphia a 1737 cikin jirgin ruwa mai suna Charming Nancy, suka zauna a Northkill cikin lardin Berks, daga nan suka gangara Lancaster, daga baya kuma Ohio da Indiana da gaba. Waɗanda suka rage a Turai, da yake ba su da halin mallakar ƙasa wuri ɗaya, sai haya nan da can a gonakin masu sarauta, sun narke a hankali cikin Menonawa, har jama'arsu ta ƙarshe, ta Ixheim a Jamus, ta haɗe da su a 1937. Wannan abin lura ne: aƙida ɗaya, littattafai ɗaya, amma waɗanda suka zauna a warwatse suka ɓace, waɗanda suka zauna gona na jingine da gona suka wanzu.

Tsarin zamansu ya ginu ne a kan wannan kusanci. Ba su da majami'a ginanniya, ba su da babban shugaba na ƙasa baki ɗaya. Kowace jama'a gida 20 ne zuwa 40, suna taruwa Lahadi ɗaya su tsallake ɗaya, a gidan ɗayansu bi da bi, ana kawo benci a keken doki, a yi kamar sa'a 3 ana wa'azi da rera waƙoƙin ibada a hankali daga wani littafi mai suna Ausbund, wanda aka fara bugawa a 1564, ba kiɗa ba kayan busa. In iyalai suka yi yawa har gida ɗaya ba ya ɗaukarsu, sai a raba jama'ar biyu. Limamansu ba sa zuwa makarantar limanci, ba a biyansu albashi, ba kuma wanda yake neman muƙamin: jama'a ke ambaton sunayen waɗanda suka ga sun dace, a ɓoye wata 'yar takarda cikin ɗaya daga littattafan waƙa, kowane ya ɗauki littafi guda, wanda ƙuri'a ta faɗa wa ya ɗauki nauyin har mutuwarsa, sau da yawa yana kuka. Ka'idodin zaman yau da kullum, waɗanda suke kira Ordnung, galibi ba rubutattu ba ne. Sau biyu a shekara, kafin jibin Ubangiji, ake bitarsu a nemi yardar kowane baligi, in ba a sami ijma'i ba a jinkirta jibin.

A irin wannan majalisa aka yi wa sababbin abubuwan zamani hisabi ɗaya bayan ɗaya, kuma tambayar da suke yi ba ta ko abin haramun ne a zatinsa ba ce, a'a, me zai yi wa zumunci da tawali'u in ya shiga gida. Wajen 1910 Amishawan Lancaster suka fitar da wayar tarho daga cikin ɗakuna, domin sun ga tana kawo tsegumi tana rage ziyara, amma suka yarda a ajiye ta a wata 'yar bukka a bakin hanya, mai bukata ya taka ya je. Mota sun halatta shigarta da hayarta, sun hana mallakarta, domin mai mota yakan yi nisa da maƙwabcinsa, doki kuwa ba ya kai mutum inda ba zai komo ya kwana gida ba. Tarakta tana iya tsayawa bakin rumbu tana juya injin, amma ba ta shiga gona, don kada mutum ɗaya ya iya nome abin da zai ci da iyali 10 ya kuma saye gonakinsu. Lantarkin kamfani an ƙi shi, injin dizal mai sanyaya madara an karɓe shi. Wanda ya yi karatun fiƙihu ba zai rasa gane wannan hanya ba, domin ta yi kusa da abin da malamanmu na mazhabar Malikiyya ke kira saddu zari'a, wato toshe ƙofar da ake tsoron za ta kai ga ɓarna ko da ita kanta ƙofar halal ce. In rumbun ɗayansu ya ƙone ba sa jiran kamfanin inshora. Aikin gayya ake kira, kamar yadda ake yi a ƙauyukanmu, maza su taru su tayar da sabo cikin 'yan kwanaki.

To, mu komo ga abin da ya kawo su Maryland. Har zuwa shekarun 1930 'ya'yan Amishawan Lancaster makarantun gwamnati suke shiga, ba wanda ya ce uffan, domin makarantun ƙanana ne masu ɗaki guda, a bakin gona, yaro ya taka da ƙafa ya je, malamin sananne ne, hukumar makarantar kuwa manoman unguwa ne. A 1937 ƙaramar hukumar East Lampeter ta karɓi kuɗin gwamnatin tarayya don ta rufe waɗannan ƙananan makarantu ta gina babba guda, a riƙa kwaso yara a mota. A shekarar nan kuma majalisar jihar ta tsawaita zangon karatu ta ƙara shekarun da dole yaro ya yi a makaranta. Amishawa, waɗanda ba su saba kai ƙara ba, suka ga wannan karon an taɓa jijiya. Hujjarsu ita ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun da gwamnati ke son ƙarawa su ne daidai shekarun da yaro ke koyon riƙe linzami da garma a hannun ubansa, yarinya kuma tana koyon riƙon gida a hannun uwarta. In aka ɗauke su a wannan lokaci aka kai su cikin baƙi, ba za su komo da zuciyar da suka tafi da ita ba. Suka tattara takardar koke mai sa hannun mutum fiye da 3,000, suka kai wa mahukunta, suka je kotu, amma aka gina makarantar. A 1938 waɗansu suka buɗe makarantunsu na kansu. Waɗansu kuwa, a ƙarƙashin wani dattijo mai suna Stephen F. Stoltzfus, wanda yana cikin jagororin wannan jayayya, suka ga cewa ƙaura ta fi, tun da ga tsadar ƙasa ta hana samari samun gona a Lancaster, ga kuma Maryland dokarta ta makaranta ta fi sauƙi a lokacin.

Bahaushe ba baƙon wannan labari ba ne. Mun san hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, ko da yake ita ta kai ga jihadi da kafa daula, ta Amishawa kuwa iyakarta neman inda za a ƙyale su. Mun kuma san yadda iyayenmu suka riƙa ɓoye 'ya'yansu sa'ad da aka zo ɗaukar yara makarantar boko, bayan da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe tasa a Nasarawa ta Kano a 1909. Shi ma, abin mamaki, haifaffen Basel ne, mutumin Suwizalan. Tsoron ɗaya ne. Bambancin shi ne mu mun rabu biyu, waɗansu suka ƙi gaba ɗaya, waɗansu suka miƙa wuya gaba ɗaya, su kuwa suka karɓi karatu da rubutu da lissafi da Turanci har aji 8, a makarantar da su suka gina, su ke biyan malamarta, suka ce daga nan ba ƙari.

Mai son ganin ƙasar da suka sauka sai ya fita Landover ta babbar hanyar da ta kewaye Washington, ya kama hanya mai lamba 5 ya yi kudu. Zai wuce Clinton, inda gidan Mary Surratt yake, da kewayen Waldorf, inda gidan likita Samuel Mudd yake, wuraren da John Wilkes Booth ya ratsa a Afrilun 1865 bayan ya harbe Shugaba Lincoln; duka biyu gidajen tarihi ne yanzu. Ƙasar da yake ratsawa tun daga Landover ɗin kanta ƙasar taba ce, kuma bayi ne suka nome ta har zuwa 1 ga Nuwamba 1864 da Maryland ta soke bauta. Babu lardin da ya kai Prince George's yawan bayi a jihar. A gidan gona na Sotterley, bakin kogin Patuxent, har yau akwai bukkar bayi ta wajen shekarun 1830 tana tsaye a gangaren babban gida. Ya kamata Musulmi ya tuna, in yana bin wannan hanya, cewa a Annapolis aka sauke Ayuba Sulaiman Jallo a 1731, Bafillace ɗan malami daga ƙasar Bundu, aka sa shi noman taba a tsibirin Kent, har wasiƙar da ya rubuta da Larabci ta zama sanadin fansarsa, ya biya ta Ingila, inda ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya koma gida a 1734.

A ƙarshen kudu akwai St. Mary's City, inda Turawan Ingila ƙarƙashin Leonard Calvert suka kafa mazauninsu na farko a 1634, bayan sun iso cikin jirage biyu, Ark da Dove. Iyalin Calvert Katolika ne da ake tsananta wa a Ingila, kuma a nan majalisarsu ta yi dokar 1649 mai ba da 'yancin ibada, wadda ake alfahari da ita ƙwarai, ko da yake wajibi ne a faɗi cewa 'yancin na masu aƙidar Triniti ne kaɗai, wanda ya musanta ta hukuncinsa kisa ne. Da aka mayar da gwamnati Annapolis a ƙarshen ƙarnin garin ya mutu ya koma gonaki. Abin da ake gani yanzu, majalisa da coci da jirgin ruwa, sake ginawa aka yi.

Ƙasar da shekara 300 na noman taba suka gajiyar ita Amishawa suka saya da araha a 1940, suka farfaɗo da ita da taki da sauya shuka. Menonawa masu keken doki suka biyo su a shekarun nan, suka zauna a Loveville, inda yanzu ake gwanjon kayan lambu. Ba a daɗe ba sojan ruwan Amurka suka buɗe babban sansanin jiragen sama a bakin Patuxent a 1943, saboda haka yau za ka ga manomi da malafa yana bin alfadarai, jirgin yaƙi na gwaji yana keta sama a bisa kansa. In ka bar babbar hanya a kusa da Charlotte Hall ka shiga hanya mai lamba 236, za ka fara ganin kekunansu masu launin toka irin na Lancaster, da wanki a shanye, da alluna rubutun hannu a bakin ƙofa: ƙwai, zuma, kujeru, itacen wuta, ba ciniki ran Lahadi. Su ma sun noma taba, tun da amfani ne mai cin hannu da yawa a ƙaramin fili, abin da ya dace da gida mai 'ya'ya 7 ko 8. Sa'ad da gwamnatin Maryland, a farkon shekarun 2000, ta yi wa manoma tayin dala 1 a kan kowane fam na abin da suka saba nomawa, har shekara 10, in sun bar taba, galibin manoman yankin sun karɓa, kasuwannin gwanjon taba suka mutu, amma Amishawa suka ƙi, domin ba sa karɓar kuɗin gwamnati. Haka aka wayi gari masu zuhudu su ne suka rage a cikin manoman taba, al'amarin da ni dai ban ga yadda za a daidaita shi da sauran aƙidarsu ba.

Jayayyar makaranta ba ta ƙare da ƙaurar 1940 ba. A shekarun 1950 an kulle iyaye da dama a Pennsylvania saboda sun ƙi kai 'ya'yansu sakandare. A 1961 ma'aikatan haraji suka kwance dawakin wani manomi, Valentine Byler, yana tsakiyar huɗa, saboda ya ƙi biyan kuɗin fanshon gwamnati, wanda a ganinsa inshora ce, kula da tsofaffi kuwa farilla ce a kan 'ya'ya da jama'a. Surutun da ya biyo baya ya sa majalisar ƙasa ta keɓe su a 1965. Daga ƙarshe, ran 15 ga Mayu 1972, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar jihar Wisconsin da Jonas Yoder da abokansa biyu, waɗanda aka ci tarar dala 5 kowannensu suka ƙi yarda, cewa ba za a tilasta wa Amishawa karatu bayan aji 8 ba. Mutanen da a 1900 ba su fi 5,000 ba, waɗanda masana suka yi ta hasashen ƙarewarsu, a 2024 sun haura 400,000, suna ninkawa kusan kowace shekara 20, kuma kimanin 85 cikin 100 na 'ya'yansu ke zaɓar baftisma in sun balaga.

Wanda ke son gidajen kallo da masu jagora sai ya yi arewa zuwa Lancaster, tafiyar kamar sa'a 2 daga Landover, inda tun 1955 aka buɗe gidan gona na farko don nuna wa baƙi rayuwar Amishawa, inda kuma fim ɗin Witness na 1985 ya ƙara jawo miliyoyin mutane. Akwai tsohon jirgin ƙasa mai hayaƙi na Strasburg, akwai gidan Herr da na ambata. Sai dai mafi yawan abin da ake nunawa can ba Amishawa ke da shi ba, waɗansu ne ke cin abinci da sunansu. St. Mary's ba ta da wannan hayaniya.

Ba na cikin masu mayar da su waliyyai. Ƙauracewar da Ammann ya kafa takan raba uwa da ɗanta a kan akushi ɗaya. Yaro mai basirar likitanci ba shi da hanya sai ya bar danginsa, alhali kuwa in ciwo ya yi tsanani asibitin waɗanda suka yi dogon karatu suke zuwa. An kuma sami lokutan da aka rufe laifi a cikin jama'a wanda haƙƙinsa a kai shi gaban alƙali. Mu da muka ƙetaro teku saboda ilmi da aiki ba za mu bi su a wannan ba, bai ma kamata ba. Amma akwai abu guda da ya kamata ya tsaya mana a rai. Kusan shekara 300 ke nan suna Amurka, kuma har yau yaron Ba'amishe da harshen kakanninsa, wani karin Jamusanci, yake fara magana, Turanci sai ya shiga makaranta. Mu kuwa, da muke warwatse tsakanin Landover da Bowie da Laurel da Silver Spring, ba mu haɗuwa sai ran suna ko ran Salla, ko in an dace a babban masallacin da Turkawa suka gina a Lanham, sau da yawa ɗan da aka haifa mana a nan sai mu yi masa Hausa ya amsa da Turanci.

Mai niyyar zuwa ya zaɓi Asabar, domin ran nan kasuwar Charlotte Hall ke cika, kada kuwa ya je Lahadi. Ya riƙe tsabar kuɗi a hannu. Ya sassauta gudu in ya hango keken doki, kada ya matsa masa ƙaho. Kada ya ɗauki hoton fuskar kowa, domin suna ƙin haka bisa addini, kada kuma ya shiga gonar da ba a kafa allon ciniki a ƙofarta ba. In zai sayi burodi ko wani abin toyawa, ya tambaya ko da kitsen alade aka yi shi. Za su gaya masa gaskiya.